Gashina na zubewa: in je gwajin jini ko in ci gaba da shafa mai?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Tun bayan da na haihu gashina yake zubewa, ga yarinyar ta kusa yaye amma abin bai tsaya ba. In na yi tsifa na taje kai, abin da ke fita a mataji sai ya tayar min da hankali. Gaban goshina ya ja baya, tsakar kai kuma an fara hango fata. Na yi man kaɗanya, na yi karkashi, na sayi haɗin da ake talla a Instagram, shiru. Wata ƙawata ta ce in je asibiti a yi min gwaji. Shin da gaske akwai gwajin da ke nuna dalilin zubewar gashi? Kuma wane likita ake gani?

Hajiya Uwani:
Wa alaikumus salam. 'Yata ki kwantar da hankalinki, wannan gashin jego ne. Duk wadda ta haihu ta san shi. Mu a zamaninmu ba wani asibiti, man shanu ne da haƙuri, kuma ya dawo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ummu Sudais:
Maman Ilham ki yi min magana ta bayan fage. Ina da haɗin hulba da man darbejiya da habbatus sauda, cikin sati biyu za ki ga canji da yardar Allah.

Anti Balaraba (shugabar zaure):
Ummu Sudais, mun sha faɗa, ranar Asabar ce ranar talla. Baiwar Allah tambaya ta yi, a ba ta amsa. Sista Rabi, Dakta Safiya, ku leƙo don Allah.

Sista Rabi (ungozoma):
Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarku gaskiya ce amma da saura. Gashin jego akwai shi. Lokacin ciki sinadaran jikin mace suna riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, shi ya sa za ka ga mai ciki kanta ya cika. In ta haihu sinadaran suka sauka, sai duk wanda aka riƙe ya zube kusan a tare, galibi daga wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa. Amma wannan yana lafawa da kansa, yawanci kafin yaro ya shekara. Ita kuwa ta ce 'yarta ta kusa yaye. Wanda ya wuce shekara yana zuba ba a barinsa a kan jego kawai. Maman Ilham, ya jinin al'adarki yake tun da ya dawo? Kin zubar da jini da yawa wajen haihuwa? Kina jin jiri ko kasala?

Maman Ilham:
Sista, al'adar tana zuwa da yawa gaskiya, har da guda-guda. Kasala kuwa ba a magana, in na hau bene sai na tsaya na huta. Kuma akwai abin da ban faɗa ba, ina yawan sha'awar tauna ƙanƙara, ko da sanyi ake yi.

Dakta Safiya:
Assalamu alaikum. Maman Ilham, sannu. Abubuwa ukun nan da kika lissafa, yawan jinin al'ada, haki in kin hau bene, da kwaɗayin ƙanƙara, duk likitan da ya ji su zai fara tunanin ƙarancin sinadarin ayon a jiki, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi. Masu cin farar ƙasa ma sau da yawa abin da ke damunsu ke nan. Don haka e, ke kam gwajin jini ya kama ki, ba ma don gashin kaɗai ba.

Amma bari in ja hankalin zauren kan wani abu, domin na ga yadda mutane ke yi. Mace za ta tashi ta tafi ɗakin gwaji kai tsaye, ta ce a yi mata "gwajin gashi", a ɗebi jini, sakamako ya fito lafiya lau, ta koma gida ta ce likitoci ba su san komai ba. Alhali ba wanda ya buɗe ɗankwalinta ya dubi fatar kan. Gwaji na farko a wannan matsala ido ne da hannu da tambaya. Likita zai so ya san yaushe abin ya fara, me ya faru wata uku kafin nan, wane magani kike sha, wane irin kitso kike yi, ko kina saka rilaksa, ko mahaifiyarki da yayyenki suna da irin wannan. Sannan ya tsaga gashin ya duba: daga ko'ina yake raguwa, ko wuri ɗaya ne? Akwai ƙuraje, amosani, ja, ko mugunya? Gashin daga tushe yake fita ko karyewa yake yi a tsakiya? Wanda ya fi komai muhimmanci: ƙofofin da gashi ke fitowa suna nan, ko wurin ya shafe ya yi sumul yana sheƙi? Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ke raba zubewar da za ta iya dawowa da wadda in an yi sake ta tafi ke nan.

Akwai kuma ɗan gwajin da ake yi nan take. Likita ya kama gashi kamar sili 50 zuwa 60 kusa da fata ya ja a hankali. In sama da 6 suka biyo hannunsa, zubewar tana kan ganiyarta. Shi ya sa muke cewa kada a wanke kai a ranar da za a zo, kuma a zo a tsefe. Mace ta zo da sabon shuku an ɗaure shi tamau, me zan gani?

Baban Walid:
Likita, ranki ya daɗe, ni fa ina da ja. Uwargidana ta je wani asibitin kuɗi kan wannan matsalar, aka rubuto mata takarda cike da gwaje-gwaje gaba da baya. Kuɗin da aka caje mu ya isa cefanen wata. Ƙarshenta aka ce komai daidai, aka ba ta bitamin. A wannan marra da mutane ke fama da abin sawa a baka, gashi ne za a zubar wa kuɗi haka? Ni gani nake kasuwanci ne kawai.

Dakta Safiya:
Baban Walid, ba zan musa maka ba. Akwai masu rubuta gwaji barkatai, kuma ba daidai ba ne. Ga mace mai zubewar gashi ta ko'ina, abin da aka saba farawa da shi uku ne: cikakken ƙidayar jini, feritin mai nuna ajiyar ayon a jiki, da gwajin ƙwayar maƙoshi wanda ake rubutawa TSH. Sauran sai in labarin mara lafiya ko abin da ido ya gani ya kira su. Mace mai tsallaken al'ada, da gashi a haɓa, da ƙurajen fuska, da ƙiba, ita ce za a auna wa sinadaran maza a jini a kuma ɗauki hoton mara. Mai ciwon gaɓoɓi da tabo a fuska ko cikin kunne, ita za a nema wa cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa jikin kansa. Wanda kansa ya yi tsalli-tsalli a wurare da yawa ga ƙuraje a tafin hannu, a yi masa gwajin tunjere da na ƙanjamau. Kana da haƙƙin ka tambayi likita: wannan gwajin me kake nema da shi, kuma in ya fito ba daidai ba me zai canza a maganin? In babu amsa, ka nemi a rage.

Sai dai inda na saɓa da kai shi ne cewa "gashi ne kawai". Sau da yawa gashin shi ne ya fara kai ƙara. Jiki in ya shiga ƙunci, abin da ba dole ba yake fara yankewa abinci, gashi kuwa yana sahun farko. Matar da ke yawo da ƙarancin jini ko ciwon maƙoshi ba ta sani ba, gashinta ne ya kawo ta, kuma gara da ya kawo ta.

Malam Nura (ma'aikacin ɗakin gwaji):
Bari in sa baki tunda an shigo fagenmu. Kuskuren da nake gani kullum: mutum ya yi PCV, a ce masa jininsa ya isa, ya ɗauka an gama. PCV yana nuna yawan jajayen ƙwayoyin jini ne a yau. Feritin kuwa yana nuna ayon ɗin da jiki ya ajiye. Ajiyar tana iya ƙarewa ƙarƙaf tun kafin PCV ya fara sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar feritin ƙasa da 15 a matsayin ƙaranci ga babba, likitocin fata da yawa kuma sun fi son su ga ya haura 30 ko 40 ga mai zubewar gashi.

Abu biyu da ke ɓata sakamako. Na farko, feritin yana hawa in akwai zazzaɓi ko kumburi a jiki. Wanda ke kwance da zazzaɓin cizon sauro ko taifot ya yi gwajin, zai iya fitowa da kyau alhali ajiyar babu komai. A bari a warke tukuna. Na biyu, ƙwayoyin nan na gyaran gashi da farce da mata ke sha, mafi yawansu akwai wani bitamin da ake kira biyotin mai yawa a ciki. Biyotin yana rikita wasu injinan gwaji, ya sa TSH ya fito ƙasa kamar mutum yana da ciwon maƙoshi alhali lafiyarsa ƙalau. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan tun 2017, har da gwajin jini na gano ciwon zuciya yana shafa. A daina sha aƙalla kwana 2 zuwa 3 kafin a ba da jini, kuma a faɗa wa mai ɗiba. Gwaje-gwajen nan uku ba sa buƙatar a zo da azumi.

Maman Ilham:
Malam Nura na gode. To tunda alamu sun nuna ayon ne, ba sai in sayi maganin ƙarin jini a kemis in fara sha ba, in huta da kuɗin gwaji?

Malam Nura:
A'a Hajiya, kada ki yi haka. Ba kowane ƙarancin jini ne na ayon ba. Mai sikila misali, musamman wanda aka sha yi wa ƙarin jini, ayon na iya yi masa yawa har ya taɓa hanta da zuciya. Kuma ko ke da ake kyautata zaton shi ne, in ba a san inda aka fara ba, da me za a gane maganin yana aiki?

Sista Rabi (ungozoma):
Ƙari a kan haka, ko an tabbatar ayon ne, sai an nemi ta inda yake tsiyaya. Jinin al'ada mai guda-guda yana buƙatar likitan mata ya duba, ko akwai ƙari a mahaifa. Wasu kuma tsutsar ciki ce, wasu haihuwa ce kusa da kusa. Sannan shayin nan da muke kurɓa a kan abinci yana rage shigar ayon jiki. A ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu. A riƙa cin hanta, nama, wake, zogale, a haɗa da lemo ko gwaiba.

Ladidi Mai Kitso:
Ni tun ɗazu nake jira a zo kanmu, na san ba za a tashi ba sai an ce makitsa ne. Anti Dakta, kitso tun kaka da kakanni ake yi, iyayenmu ba su yi sanƙo ba. Kuma wallahi matan ne da kansu suke cewa "Ladidi ki ja sosai, biki zan je, ina so ya yi wata biyu". In ka yi sako-sako a ce ba ka iya ba, gobe ta tafi wajen wata.

Dakta Safiya:
Ladidi, ba kitso ne matsalar ba, ja ne da nauyi da daɗewa. Kitson iyayenmu da gashin kansu ne, ba a ɗora masa atach mai sauka har kugu, ba a kuma ƙona shi da rilaksa kafin a ja shi. Wani bincike da likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta jagoranta a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya samu kusan mace 1 cikin 3 da irin wannan cinyewar gaban goshi, har 'yan mata 'yan makaranta ma kusan kashi 17 cikin ɗari. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu yin kitso mai ja a kan gashin da aka saka wa rilaksa.

Ga abin da ya sa na kawo wannan: irin wannan zubewar, ko jinin duniya za a auna ba zai nuna ta ba. Ido ke gane ta. Za ka ga gefen goshi da saman kunne sun kwashe, amma an bar wani siririn layi na ƙananan gashi a can bakin goshi. Maman Ilham ta ce gabanta ya ja baya, tsakiya kuma ta yi shara-shara. Zai yiwu abu biyu ne suka haɗu mata, ƙarancin ayon da ja. In aka gyara jini aka ci gaba da ɗaure kai, goshin ba zai dawo ba.

Alamar da ke Ladidi da wadda kike yi wa kitso za ku iya lura: kitson da ya hana barci, ko ya sa aka sha maganin ciwon kai, ko ya fito da ƙuraje a tsaga, ya yi tsauri. A warware shi a ranar, komai kuɗin da aka biya.

Ladidi Mai Kitso:
To ai sai ku faɗa wa iyaye mata. Ranar jajibirin sallah ana kawo min 'yar shekara uku tana kuka uwar tana danne ta tana cewa a kama har na bakin goshi. Ni dai yanzu na daina kama wannan ƙananan, wadda ta ji haushi ta ji.

Hadiza Damagaram:
Ladidi Allah ya yi miki albarka. Ina da tambaya ga Ummu Sudais da masu haɗi. A nan wajenmu ana kawo chebe da man karkar daga Chadi, ana nuna matan can da gashi har gadon baya. Ni na yi amfani da shi, gashina ya daina karyewa, ya yi tsawo. Amma wurin da ya riga ya cinye a gefe ko sili bai fito ba. Me ya sa?

Ummu Sudais:
Yaya Hadiza kowa da irin jikinsa. Ni dai ina da shaidu, mata da yawa sun turo min hotuna bayan sun yi amfani da haɗina. Ba komai ne sai asibiti ba. Habbatus sauda ai ba sai na faɗi matsayinta ba.

Dakta Safiya:
Ummu Sudais, ban ce matan ƙarya suka yi ba. Amma duba wannan. Gashin kai yana tsawo kamar santimita 1 ne a wata, don haka babu abin da zai cike kai cikin sati biyu. Kuma irin zubewar da ke biyo bayan haihuwa, ko zazzaɓi mai zafi, ko tiyata, ko rashin wani makusanci, tana farawa wata 2 zuwa 3 bayan abin ya faru, ta tsaya da kanta cikin kamar wata 6. Mace takan sayi mai ne daidai lokacin da abin ya fi tsananta, wato dab da zai lafa. Ko ta shafa ko ba ta shafa ba, zai dawo.

Mai yana da amfaninsa. Yana tausasa gashi, ya hana shi bushewa da karyewa, musamman da hunturu, kuma abin da Hadiza ta gani ke nan. Abin da ba ya yi shi ne tayar da tushen da ya mutu. Gona ce: in shuka ta yi yaushi, ruwa da taki za su tashe ta, amma filin da aka malale da siminti ko me ka zuba ba abin da zai tsiro. Tsorona shi ne matar da cutarta ke cin tushen gashi a hankali, ta shekara biyu tana gwada mai kala-kala, ta zo mana bayan wurin ya zama tabo.

Anti Balaraba (shugabar zaure):
Wata 'yar zaure ta turo min ta sirri, ba ta so a san ta. Ga saƙon: "Ni tsakar kaina ce ta fara, kamar faɗin kwabo, yanzu ta kai tafin hannu. Wurin yana min zafi da ƙaiƙayi, yana sheƙi. Shekarata arba'in da ɗoriya. Na yi gwajin jini an ce lafiya. Kullum cikin hula nake ko a gaban maigida."

Dakta Safiya:
Anti, ki ce mata don Allah kada ta ƙara jinkiri. Abin da ta kwatanta ya yi kama da wata cuta da ta fi kama mata baƙar fata, tana farawa daga tsakar kai tana faɗaɗa a kewaye, tana barin tabo. Jininta zai fito lafiya, domin matsalar a cikin fatar take. Likitan fata take buƙata, ba kemis ba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk ana ganin masu ciwon fata, sai dai ta karɓi takardar turawa daga asibitin da take zuwa.

Zai duba da wani ɗan madubi mai fitila da ke ƙara girman fata. In akwai shakka sai ya yanki ɗan ƙaramin nama, faɗinsa milimita 4, daga gefen wurin inda cutar ke ci, a kai ɗakin gwaji. Ana yin allurar kashe zafi tukuna, ɗinki ɗaya ko biyu ne, ta koma gida a ranar. Gaskiyar da ya kamata ta sani: inda ya riga ya zama tabo da wuya ya dawo. Magani yana tsayar da cutar ne ya ceci abin da ya rage. Zafin da ƙaiƙayin da take ji alama ce har yanzu tana ci, wato akwai abin da za a ceta.

Hajiya Uwani:
Yankan fatar kai kuma? Subhanallahi. Likita ba zai zama wani ciwon ba?

Dakta Safiya:
Hajiya, ɗan mitsitsi ne, gashin gefe yana rufe shi. Kuma ba kowa ake yi wa ba, sai wanda ake zargin mai tabo ce ko aka rasa gane kanta. Mai yawan yin tabo mai kumburi ta faɗa wa likita tun kafin a fara.

Sista Rabi (ungozoma):
Akwai wanda nake so mata su riƙe, domin a ƙauyukanmu ana haihuwa a gida ana zubar da jini sosai. Matar da ta yi zubar jini mai tsanani wajen haihuwa, bayan nan nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba ko bayan yaye, gashin hammata da na mara suka zube, ga sanyi da kasala kullum, wannan ba jego ba ne. Wata ƙwaya ce a ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki ta samu rauni saboda jinin da bai kai mata ba. Ana shekaru ana kai irin waɗannan mata wajen masu ruƙiyya da masu sassaƙe. Gwajin jini yana gano shi, kuma akwai magani. Sannan ko ba wannan ba, kusan mace 1 cikin 20 ƙwayar maƙoshinta takan rikice a shekarar farko bayan haihuwa, ba lallai a ga maƙoƙo a wuya ba.

Maman Sadik:
Ni maigidana ne. Rana ɗaya wanzami ya nuna masa wani wuri a ƙeya, zagaye, sumul kamar an aske da reza. Yanzu wani ya fito a gemu. 'Yan uwansa sun dage sammu ne, har an fara kallona.

Dakta Safiya:
Maman Sadik, Allah ya ba ki haƙuri. Wannan sananniyar cuta ce a duk duniya, tana kama Bature da Balarabe da Bahaushe. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa tushen gashinsa. Ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani, ba ta barin tabo, kuma masu wuri ɗaya ko biyu da yawansu gashin kan dawo cikin shekara, wani lokaci ya fara fitowa fari. Galibi kallo ya isa a gane ta. Akan duba maƙoshi in akwai alamu, domin cututtukan garkuwa sukan zo tare. In tana faɗaɗa akwai allurar da likitan fata ke yi a wurin. A yi addu'a, ba wanda ya hana, amma kada a goga masa tafarnuwa ko wani abu mai ƙuna, na ga waɗanda suka saɓule fata da haka. Ki ce ya tafi da ɗaya daga cikin 'yan uwan nasa su ji daga bakin likita.

Baban Walid:
To mu maza masu sanƙon gado fa? Mu ma sai gwajin?

Dakta Safiya:
Namiji da sanƙonsa ya fara daga gefen goshi da tsakar kai a hankali, mahaifinsa ko kawunansa ma haka, yawanci ba ya buƙatar gwajin komai. Akwai wani maganin shafawa da ake kira minozidil, yana ɗaukar wata 4 zuwa 6 kafin a ga wani abu, kuma in an daina abin da aka samu zai zube. Mata masu ciki da masu shayarwa su nisance shi. In kuwa kai ya zube gaba ɗaya cikin 'yan watanni, ko da rama ko zazzaɓi, wannan wani zance ne daban.

Malam Isiyaku (malamin firamare):
Likita a taimaka da na yara. A ajina yara maza da yawa suna da makero, kai ya yi fari-fari gashin ya gutsure. Iyaye suna shafa musu man birki, wasu toka, wasu maganin shafawa na kemis. Ya tafi ya dawo.

Malam Nura (ma'aikacin ɗakin gwaji):
Malam, wannan gwajinsa yana cikin mafi sauƙi. Ana kankaro ɗan ɓawon wurin da gutsattsarin gashi, a ɗiga masa wani ruwan sinadari, a duba a madubin likita. In fangas ne, wato ƙwayar cutar da ke kawo makero, ana ganinsa. Amma a zo da kai ba mai, in an riga an lafta magani ba a ganin komai.

Dakta Safiya:
Man birki guba ne, don Allah ka hana su. Dalilin da na shafawa ba ya warkar da makero shi ne ƙwayar cutar tana cikin silin gashin har ƙasa, inda mai ba ya kaiwa. Sai an sha magani. Wanda aka fi sani shi ne girisiyofulbin, ana sha sati 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro, a kan abinci mai maiƙo ko madara don ya shiga jiki sosai. Iyaye sukan daina bayan sati biyu da sun ga wurin ya yi kyau, shi ya sa yake dawowa. In wurin ya kumbura ya yi taushi yana fitar da mugunya, kada a kai wa wanzami ya tsaga, ba maruru ba ne, makeron ne ya yi tsanani, kuma shi ne ke barin tabo in an yi jinkiri.

Malam Isiyaku (malamin firamare):
Sai na kore su daga aji har su warke?

Dakta Safiya:
A'a Malam, da zarar yaro ya fara shan magani zai iya zama a aji. Abin da za ka hana shi ne musayar hula da mataji. Ka gaya wa iyaye a duba sauran yaran gidan, a wanke rigar matashi da hular, kuma wanda ke da hali ya saya wa 'ya'yansa injin aski nasu. Wanda ba shi da hali ya tsaya a kan mai aski ya wanke injin ya goge da sifirit kafin ya ɗora a kan yaro. In kuna kiwon kyanwa a gida ita ma a duba jikinta, wani makeron daga dabba ake ɗauka.